Hannu Na Uku Ga Mai Kaɗa Jita

Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Amma mu da ke koya wa yara waƙa a makaranta, sau da yawa tilas ne mu tauna su. Aji ya cika maƙil, malami kuwa shi kaɗai ne. Jita tana riƙe wa yara tafiyar waƙa domin kada wasu su yi gaba wasu su yi baya, amma ba ta fitar da karin waƙar sosai. Hamonika, wato ɗan abin busan nan da ake gogawa a baki, ita ce ke fitar da kari tsaf har na bayan aji ya ji. Tana kuma hutar da maƙogwaron malami. To, jita ta cinye hannu biyu, wa zai riƙe hamonika?

Abin da ke wannan aiki shi ne wani ƙarfe da ake ratayawa a wuya, mu muna ce da shi mariƙi. Hamonika dai a Jamus ta bunƙasa, inda Matthias Hohner ya fara ƙera ta a garin Trossingen a 1857. Amma a Amurka ne haɗa ta da jita ya yi suna. Les Paul, wanda aka haifa a 1915, tun yana yaro ya lanƙwasa wayar rataya riga ya yi wa kansa mariƙi. Daga baya Jimmy Reed a shekarun 1950, da Bob Dylan a shekarun 1960, suka sa duniya ta saba ganin mutum ɗaya yana kaɗawa yana busawa.

Abu na fari da muke dubawa shi ne girman hamonikar kanta. Ƙaramar, mai rami 10, tsawonta kamar inci 4 ne, yawancin mariƙai kuwa dominta aka yi su. Mai rami 24 ta kai kusan inci 7, sai an nema mata mariƙi mai faɗi. Wadda ke da maɓalli a gefe tana bukatar yatsa, saboda haka ba ta dace da mai jita ba. Domin wannan ne muke sa hamonika a aljihu in za mu kanti, gama gani ya kori ji.

Abu na biyu, wanda a wurinmu ya fi sauran duka, shi ne gaɓar da ke haɗa ƙarfen wuya da ƙarfen gaba. Galibi da noti mai kunnuwa ake ɗaure ta. Sa'ad da mutum ke busa, leɓunansa suna tura hamonika gaba kaɗan kaɗan. In gaɓar ba ta da ƙarfi, sai ƙarfen ya riƙa sunkuyawa, kafin a kai baiti na uku hamonika ta koma ƙirji. Hannuwa suna kan jita, ba damar gyarawa. Waƙa ta tsaya, yara sun bushe da dariya, kuma duk wanda ya taɓa koyarwa ya san wuyar tattaro hankalin aji bayan ya watse. Saboda haka mukan ɗaure notin a gaban mai kanti, mu tura ƙarfen da babban yatsa. In ya motsa, sai mu ajiye shi komai arharsa, gama araha ba ta ado.

Na uku shi ne tsayi. Hamonika ce za ta zo wurin baki, ba baki ne zai je nemanta ba. Mariƙin da ya yi ƙasa yana sa mutum duƙar da kai, wuya ya yi ciwo, numfashi kuma ya ƙuntata. Wanda ya yi sama yana tare idanu, ba a ganin yatsu ko fuskokin yara. Muna gwadawa a tsaye, da jita a rataye, kamar yadda za mu yi a aji. Mukan kuma duba ko an sa wa ƙarfen wuyan roba, domin ƙarfe tsirara yana cin fata, gumi kuma yana sa shi tsatsa.

Na huɗu shi ne saurin sauyawa. Kowace hamonika mai rami 10 tana da muryarta, an kuwa rubuta harafin a jikinta, kamar C ko G ko D. In waƙa ta sauya murya, tilas a sauya hamonika. Yawancin mariƙai da sifirin suke matse ta. In sifirin ya cika tauri sai an yi kokawa da shi, in ya yi laushi kuma hamonika ta zame. Kamfanin Seydel na Jamus yana da wani mai maganaɗisu, wanda ake mannawa a cire da hannu ɗaya, sai dai ya fi na sifirin tsada.

Mai iyali ba ya zuba kuɗin hatsi a kan ƙarfe, mun san wannan sarai. Wanda aljihunsa bai kai ba, ya tuna da Les Paul da wayarsa. Maƙeri ko mai walda zai iya lanƙwasa waya mai kauri daidai wuyan mutum, ya sa noti biyu masu kyau, ya zura tiyo a inda ke taɓa fata. A dai kai masa hamonikar ya auna.

Bayan an samu mariƙi, sauran aikin na haƙuri ne. Mukan fara da waƙar da yatsunmu suka riga suka haddace, mu busa layi ɗaya kawai tsakanin baiti da baiti, har baki da hannu su saba da juna. In an gama, mu goge ƙarfen, mu mayar da hamonika cikin gidanta, musamman lokacin hunturu da ƙura ke toshe 'yan harsunan da ke cikinta. Sannu ba ta hana zuwa.