Yaya, Kafin Ka Biya Kuɗin Gidan Nan

Sheffield, Ingila
17 ga Nuwamba

Yaya,

Ina fatan kana lafiya kai da iyali, kuma Hajiya ta samu sauƙin ƙafarta. Mu nan lafiya lau, sai sanyi. Kafin ƙarfe huɗu da rabi an yi magariba, azahar da la'asar da magariba duk a wurin aiki suke riskata.

Labari ya iso ni cewa a wurin sunan gidan Gwaggo ana ta yaɗa wai na sayi katafaren gida a Landan. Don Allah ka gyara mini zancen nan. Ni ba a Landan nake ba, sai ka yi awa biyu da wani abu a jirgin ƙasa kafin ka iso garinmu. Gidan kuwa ɗaki biyu ne da falo, manne da na maƙwabta hagu da dama, in tsohon da ke gefena ya yi tari ina jin sa. Bos-kwatan gidan da kake nema ya fi shi fili. Kuma ba nawa ba ne tukuna. Kashi 20 cikin ɗari na zuba, sauran na bankin Musulunci ne, duk wata ina biyan hayar kasonsu ina kuma sayen wani yanki, har shekara 25. Masu turo mini lambar akawu su yi haƙuri.

Abin da ya sa na zauna rubutu shi ne saƙonka na shekaranjiya. Ka ce ka samu gida a Nassarawa GRA, dillali yana cewa akwai wani Alhaji da ya taya, in ba ka biya kafin Juma'a ba ya tafi, kuma ai ka zaga da magininka ya ce gida lafiya. Yaya, ka ba ni dama in faɗa maka abin da ya same ni.

Gidan farko da na so saya na jan bulo ne, ya haura shekara 120. An yi masa sabon fenti, an shimfiɗa kafet mai laushi, matata tana shiga ta fara zaɓen inda za ta ajiye tukwane. Banki ya turo mutuminsa, ya leƙa, bai yi minti ashirin ba ya fita, aka ce gida ya kai kuɗinsa. Ni kuma na ɗauka an gama duba gida ke nan. Wata abokiyar aikina ce ta yi mini dariya, ta ce wannan yaron banki ne, kuɗin banki ya zo ya kare, ko rufi zai faɗo maka ba ruwansa. Ka ɗauko naka.

A nan duba gida sana'a ce mai zaman kanta, da ƙungiyarta, RICS, kuma tun 2021 ta kasa aikin mataki uku. Na ɗaya dubawa ce sama-sama, don sabon gini. Na biyu shi yawancin mutane suke ɗauka, don gidan da bai tsufa sosai ba kuma ba a ga wata alama a jikinsa ba. Na uku na tsohon gida ne, ko wanda aka yi wa ƙare-ƙare, shi ne mai tsada. Na yi ta jinjina fam 850 a kan gidan da ban ma saya ba, domin in ka fasa ciniki kuɗin nan sun tafi. Na rufe ido na biya na ukun.

Mutumin ya zo da tsani mai naɗewa, da tocila, da madubin hangen nesa, da wata 'yar na'ura mai allura biyu. Ya yi awa huɗu. Na roƙi a bar ni in biyo shi a ƙarshe. Ya kai ni bangon falo, wanda fentinsa yake ƙyalli, ya danna allurar daidai gwiwata, sai na'ura ta kama kuka da jar wuta. Ya ɗaga gefen kafet, katakon ƙasa ya yi baƙi, ya soka masa sukurdireba ta shige kamar cikin dafaffen rogo. Sannan ya fitar da ni waje, ya ce in manna kumatuna a kusurwar gidan in kalli sama. Wallahi Yaya, bangon ya yi tumbi. Sau uku ina zuwa gidan nan ban gani ba. Rahoton ya zo shafi kusan arba'in, kowane sashe da launinsa kamar danja: kore, ruwan ɗorawa, ja. Jan ya yi yawa. Magini ya ƙiyasta gyara ya haura fam 20,000. Na janye, kuma babu wanda ya ce na yi ƙaramin mutum, domin a Ingila ciniki bai faɗa ba sai ranar da lauyoyi suka yi musayar takardun yarjejeniya. Wannan tsari nasu ya burge ni, ko da yake shi ma mai gida yana iya juya maka baya a wannan tsakanin in wani ya ƙara masa kuɗi, bayan ka gama kashe naka.

Daga baya na ji tarihin gidan, ya tsaya mini a rai. Na wani dattijo ne da aka kai gidan kula da tsofaffi, ana sayar da gidan don a biya kuɗin kula da shi. 'Ya'yansa uku suna raye. Ɗaya ce ta zo ta shafa fentin. Na tuna Hajiya da jikoki suna rigimar wanda zai kai mata buta, na ce mu gode wa Allah.

Gidan da muke ciki yanzu mataki na biyu na yi masa, aka gano yoyo a gindin bututun hayaƙi, na kai wa mai gida rahoton ya rage fam 4,000. Lauya kuma ta binciko ko akwai tsohon ramin haƙar kwal a ƙarƙashinsa, don wannan yanki duk an rarake cikinsa a da.

To, mu dawo Kano. A nan mai duba gida safiyo ake ce masa, mu kuwa a wurinmu in an ce safiyo, mai awon fili ake nufi, ba mai duba gini ba. Saboda haka aikin da mutum biyu suka yi mini, kai mutum uku za su yi maka, kuma kowannensu kai za ka nemo shi, kai za ka biya shi. Kada ka karɓi wanda dillali ya kawo. Dillali ba mugu ba ne, amma la'adarsa ba ta fitowa sai an yi ciniki. Magininka kuma, ka yi haƙuri, shi gyaran da zai samu yake hange.

Lauya ya fara. Ya ɗauki lambar fayil ya je KANGIS, hukumar rajistar filaye ta Kano, ya ga sunan wa ke kan takardar mallaka, ko an jinginar da ita a banki, nawa ake bin kuɗin ƙasa, kuma shekara nawa suka rage cikin 99 na wa'adin takardar. Tun dokar filaye ta 1978 ƙasa tana hannun gwamna, sauya suna sai da amincewarsa. Ka san yadda aka yayyanka manyan filayen Turawa na GRA, fili ɗaya ya haifi gida huɗu ko shida. Ka tabbata yankin da za a sayar maka yana da takardarsa, ba kwafin uwar takarda za a miƙo maka ba. In gidan gado ne, ka ga rabon kotu da idonka, ka ji daga bakin magada mata. A KNUPDA kuma, hukumar tsara birane, a duba ko an amince da zanen ginin. Ba ka manta da Yunin 2023 ba, da katafila ta wayi gari a shagunan filin sukuwa, nan bayanku.

Safiyo ya biyo, ya nemo duwatsun iyaka ya gwada da zanen, kada katanga ta ci hanya ko filin maƙwabci.

Sai injiniyan gini, ba birkila ba. Ya shiga cikin silin da tocila ya soki katakon rufi, gara tana cinye ciki ta bar fata. In rufin ko silin na asbesto ne irin na da, a sani tun yanzu, ƙurarsa cuta ce, nan an haramta shi tun 1999. Ya bi tsagar bango ya bambanta ta filasta da ta harsashi, musamman kusa da manyan darbejiyoyin nan masu saiwa. Ya ƙwanƙwasa ƙasan bango inda gishiri ke ci. Ya buɗe sokawe, ya auna nisanta da rijiyar burtsatse. Duk inda ka ga sabon fenti a bango ɗaya tak, tsaya nan. Da so samu ne a watan Agusta za ka ga gidan, bayan ruwan dare. Tunda yanzu rani ne, je ka zauna da maigadin maƙwabta ka saya masa shayi, ka tambaye shi inda ruwa ke kwanciya a layin.

In dillali ya ce Juma'a, ka ce mako uku. Alhajin da ya taya in da gaske akwai shi, Allah ya sanya masa albarka. Kuɗin mutum ukun nan ni zan turo, kada ka ce a'a, amma kada Gwaggo ta ji.

Ka gaida Hajiya da kyau, ka ce mata rigar sanyin tana hanya. In mai zuwa ya samu, a sako mini kuka da daddawa da yajin ƙuli, wanda na zo da shi ya ƙare tun watan jiya. Ka turo mini hoton takardar gidan gaba da baya kafin ka ƙara magana da kowa.

Wassalam,
Ƙaninka