Kirsimetin Abokina Bayahude

Ku ba ni aron hankalinku in ba ku labarin wata kunya da na sha.

Malamarmu ta Turanci ta haɗa mu abota ta wasiƙa da waɗansu ɗalibai na Amurka, don hannunmu ya faɗa da rubutu. Ni rabona ya faɗa kan wani saurayi sa'ana, mazaunin birnin Niyok. Da watan Disamba na 2024 ya kama, sai na rubuta masa doguwar gaisuwar Kirsimeti, har ina tambayarsa wace majami'a su ke zuwa, wace waƙa kuma ya fi so a littafin waƙoƙi. Ni a makarantar mishan na tashi, tun ina ƙaramin aji kuwa na ɗauka kowane Bature Kirista ne.

Amsa ta zo. Ya yi godiya ƙwarai, sa'an nan ya ce shi Bayahude ne, ranar 25 ga Disamba ba sallarsu ba ce. Tasu ita ce Hanuka, kwana takwas ana kunna kyandir, don tunawa da tsarkake Haikalin Urushalima a shekara ta 164 kafin haihuwar Almasihu. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ga shi idin nan yana cikin Yohanna sura 10, wadda muka haddace, amma ban taɓa zaton har yau akwai masu yinsa ba.

To, me su ke yi ran Kirsimeti? Ya ce gari ya kan yi tsit, kantuna da ofisoshi duk a rufe. Abu biyu ke buɗe, gidan sinima da gidan abincin mutanen Sin. Saboda haka Yahudawan Amurka da yawa suka mai da ranar ta kallo da cin abincin Sin. Abin ya daɗe, gama baƙi Yahudawa da baƙi mutanen Sin sun yi maƙwabtaka a ƙasan tsibirin Manhatan tun wajen 1900. Kuma Yahudawa ba su haɗa nama da madara, girkin Sin kuwa da ƙyar a ke sa masa madara. Har a 2010, da Majalisar Dattawa ke yi wa Elena Kagan tambayoyi kafin ta zama alƙaliya a Kotun Ƙoli, wani ya tambaye ta inda ta ke ran Kirsimeti. Ta ce mai yiwuwa gidan abincin Sin, kamar sauran Yahudawa. Aka bushe da dariya.

Amma gidan su abokina suna da tasu doka, ba a kallon kome sai fim na 'yan leƙen asiri. Kakansa ne ya kafa ta. Yana saurayi ya ga Goldfinger na James Bond a Disamba 1964, shekara na zagayowa aka fito da Thunderball, shi ma a Disamba, shi ke nan abu ya zama al'ada. Wai sau ɗaya aka taɓa yi masa tawaye. A 1997 an saki Tomorrow Never Dies da Titanic rana ɗaya a Amurka, matan gida suka bi jirgin ruwa, maza suka bi tsoho. Ba a haifi abokina ba lokacin, amma har yanzu a kan tada maganar a kan tebur. A 2020 kuwa, da annoba ta sa aka rufe gidajen sinima na Niyok, suka zauna gida suka kalli On Her Majesty's Secret Service na 1969, wanda labarinsa ya faɗa daidai Kirsimeti a duwatsun Suwizalan.

Na tambaye shi dalilin tsohon. Ya ce kakan ya kan yi raha cewa ɗan leƙen asiri ɗan'uwansa ne, yana zaune cikin mutane, yana jin harshensu, yana sa irin tufafinsu, amma bukinsu ba nasa ba ne. Na daɗe ina juya wannan magana.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne waƙa. A mota, kan hanyar sinima, su kan rera waƙoƙin Kirsimeti, amma sai waɗanda Yahudawa suka tsara. Ashe suna da yawa! White Christmas, wadda Bing Crosby ya rera cikin fim a 1942, Irving Berlin ne ya yi ta. An haife shi a ƙasar Rasha a 1888, ubansa mai jan waƙa ne a majami'ar Yahudawa, suka yi ƙaura zuwa Niyok yana ɗan shekara 5. Let It Snow ta Sammy Cahn ce da Jule Styne, a 1945. Waƙar barewar nan Rudolph kuma ta Johnny Marks ce. Na koma na saurare su da kyau, ba Baitalami a ciki, ba komin dabbobi, sai dusar ƙanƙara da murhu da kewar gida. Da fari raina ya ɗan ɓaci, na ce sun cire zuciyar bukin. Daga baya na ga baƙo ne ya kawo wa masu gida abin da zai iya kawowa ba tare da ya yi ƙarya ba.

Nan ne kunyata ta biyu. A makon da na aika da wasiƙar nan muna koyarwar gwaji, ina koya wa aji huɗu waƙar Kirsimeti. Wani yaro ya tsaya bakinsa a rufe, na daka masa tsawa a gaban 'yan'uwansa, ban ko tambaye shi dalili ba. Alhali ni kaina, a garinmu, Kirista kaɗan ne. Na san yadda a ke tsayawa bakin hanya ran sallah ana kallon hawa, da tsohuwar riga, ana jiran tuwon maƙwabta. Da aka koma makaranta na nemi yaron na ba shi haƙuri. Ya dube ni da mamaki, don bai taɓa ganin malami ya yi haka ba.

A shekarar nan ta 2024 daren farko na Hanuka ya faɗa daidai 25 ga Disamba. Abokina ya ce sai da suka yi sammakon sinima, don su komo gida kafin faɗuwar rana su kunna kyandir na fari. Tsoho ya yi gyangyaɗi a tsakiyar fim, amma da aka fito ya ce shi tun farko ya gane maci amanar.