Tocilar Aljihu

Bahaushe ya yi wa dare kirari iri biyu masu karo da juna. Ya ce dare mahutar bawa, ya kuma ce dare rigar mugu. Duk maganganun biyu gaskiya ne, sai dai kowace da wanda ta shafa. Mutumin da ya rufe ƙofarsa bayan sallar lisha ya miƙe a gado, shi ne dare ya zame wa mahuta. Wanda kuwa larura ta fitar da shi waje, shi ya san nauyin magana ta biyu. A ƙasar Rano da maƙwabciyarta Kibiya masu irin wannan larura suna da yawa. Akwai manomin rani na wajen Rurum, kusa da madatsar ruwa ta Tiga, wanda kan yi ban ruwa cikin dare. Akwai ladanin da ke fita tun kafin assalatu, da ungozomar da ake buga wa ƙofa a tsakar dare, da ɗan kasuwar da mota ba ta sauke shi a Rano ba sai bayan magariba, ga kuma sauran tafiya a gabansa zuwa ƙauye. Ƙasar kuwa ta duwatsu ce da kwazazzabai, inda taku ɗaya cikin duhu kan iya jawo jinyar wata guda.

A zamanin da, matafiyin dare ba shi da abin dogaro sai farin wata ko bakin wuta. Fitilar aci-bal-bal ta zaman ɗaki ce, da an fito da ita iska ta kashe ta. Daga baya fitilar ƙwai mai shan kananzir ta shigo, amma tana da nauyi, haskenta kuma ba ya wuce ƙafar mai riƙe da ita. Ita tocila a shekarar 1899 ne wani Baturen Ingila mazaunin Amurka, mai suna David Misell, ya sami rajistar ƙirƙiro ta. Kusan shekara ɗari ana amfani da ita da ɗan ƙaramin ƙwai mai zare a ciki, wanda ke shanye batir da sauri, in ya faɗi kuma ya mutu. Canji ya zo ne daga ƙasar Japan a shekarun 1990, lokacin da aka gano hanyar yin ƙwan nan da ake kira LED mai ba da shuɗin haske, wanda daga gare shi aka sami farin haske. Masana uku da suka yi wannan aiki, wato Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, sun sami lambar yabo ta Nobel a shekarar 2014. Dalilin wannan ƙwai ne tocilar da ba ta fi ɗan yatsa tsawo ba ta zo ta fi tsohuwar tocila mai batir uku haske.

Yawan tocila a kasuwa shi ya kawo wahalar zaɓe. Wanda ya shiga kasuwar Sabon Gari ta Kano, ko ya tsaya gaban teburin mai kayan koli a Rano, zai ga iri-iri: manya da ƙanana, masu caji da masu batir, masu rediyo a jiki da masu jiniya. A nan ne ra'ayin wani dattijo, malamin makarantar firamare a ƙasar Kibiya, ya cancanci a saurara. Shekara da shekaru yana zirga-zirga tsakanin ƙauyensu da Kibiya da Rano, da a kan keke, yanzu a kan babur, kuma ba a taɓa ganin ya fita ba tocila a aljihunsa, ko da rana tsaka ce. In an tambaye shi dalili sai ya ce mutum ya san lokacin fitarsa, amma Allah kaɗai ya san lokacin dawowarsa.

Abu na farko da malamin ke dubawa shi ne girma. A ganinsa tocilar da ta fi kowace amfani ita ce wadda take tare da mutum a lokacin da duhu ya riske shi. Ƙatuwar tocila mai hannu tana da daɗin haske, amma wa zai rataya ta ya tafi ɗaurin aure ko kasuwa? A gida za a bar ta, a kan taga, ranar da ake buƙatarta kuwa tana can mai ita yana nan. Saboda haka ya fi son wadda tsawonta bai wuce tafin hannu ba, wadda za ta shige aljihun gefe na riga ba tare da ta ja shi ƙasa ba. In tana da ɗan maƙali na ƙarfe da za a soke ta da shi a bakin aljihu, to, ya fi, domin hannu zai same ta a wuri ɗaya kullum ba sai an yi lalube ba.

Na biyu shi ne abincinta, wato batir. A nan tocila ta kasu gida biyu. Akwai mai cin ɗan ƙaramin batir irin na agogon bango, wanda ake kira AA, mai ƙarfin bolt 1.5. Akwai kuma mai batirin litiyom da ake yi wa caji, wanda aka fi sani da lamba 18650, domin kaurinsa milimita 18 ne, tsawonsa kuma milimita 65. Mai caji ta fi haske, ta kuma fi sauƙin kuɗi in an daɗe ana amfani da ita, amma tana da sharaɗi, sai inda ake samun wutar lantarki ko faifan sola. A watan Oktoba na shekarar 2024, lokacin da lalacewar manyan layukan wuta ta jefa yawancin jihohin Arewa cikin duhu fiye da mako guda, masu tocilar caji da yawa sun koma bin layi a shagon mai cajin waya. Malamin kuwa bai damu ba, domin tasa mai cin batir ɗaya ce, irin wanda ake samu a teburin kowane ƙauye. Duk da haka ba ya kushe mai caji. Shawararsa ita ce kowa ya dubi inda yake zaune. Abin da yake gargaɗi a kai shi ne jabun batir. Batirin 18650 na gaskiya nauyinsa ya kai kimanin giram 45, kuma da wuya abin da yake iya riƙewa ya haura 3,600 a ma'aunin da ake rubutawa mAh. Wanda aka ga an rubuta masa 9,900, aka ɗaga shi aka ji sakayau, to, ƙarya ce aka naɗe da takarda. Har ila yau, batirin litiyom ba ya son zafi, don haka ba a barin sa cikin rana ko kusa da murhu, musamman a watannin bazara. Shi kuma busasshen batir in ya daɗe a cikin tocila ba a amfani da ita yakan zubar da ruwa ya cinye ƙarfen ciki, sai a riƙa cire shi ana dubawa.

Na uku shi ne ƙarko. Tocilar aljihu dole ta sha faɗuwa, ta sha ƙurar hunturu, ta sha ruwan damina. Mai jikin sanholo, wato alminiyom, ta fi mai jikin siririyar roba jure wa dutse. Malamin yakan kwance murfin baya ya duba ko akwai ɗan zoben roba a jikin zaren murfin, domin shi ke hana ruwa da ƙura shiga. A jikin kwalin tocila ta ƙwarai akan rubuta IPX4, ma'ana tana jure yayyafi da fantsamar ruwa, ko IPX7, ma'ana za ta iya yin minti 30 a cikin ruwa mai zurfin mita ɗaya ba ta lalace ba. Daɗin daɗawa, yakan danna makunni sau da yawa a gaban mai kaya, ya girgiza tocilar tana kunne. In hasken ya yi rawa, sai ya ajiye ta ya yi gaba, domin makunni shi ne abin da ya fi saurin mutuwa a jikin tocila. Ya fi son makunnin da ke can ƙarshen gindi, inda babban yatsa zai same shi ko a cikin duhu, ko a cikin firgita. Irin wannan tocila ta fi tsada, amma masu iya magana sun ce sayen nagari mai da kuɗi gida, araha kuwa ba ta ado.

Na huɗu shi ne haske, wanda ake aunawa da lumen. Mutane da yawa nan suke fara dubawa, malamin kuwa nan yake ƙarewa. Tsohuwar tocila mai ƙwan zare da wuya ta haura lumen 30, kuma da ita kakanni suka yi ta tafiyarsu. Lumen 100 zuwa 300 ya ishi mai tafiya a ƙasa ya ga hanya, ya kuma hango abin da ke gabansa da nisa. Ƙaramar tocilar da aka rubuta wa dubban lumen a kwali, yawanci talla ce kawai. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ta kasance tana da mataki biyu, ƙaramin haske na tafiya mai tattalin batir, da babban haske na lokacin buƙata.

Saura batun kare kai, wanda shi ne ya haɗa malamin da ɗan wansa, wani saurayi da ya gama sakandare. Saurayin ya dawo daga Kano da wata doguwar tocila mai haƙora a baki, wadda in an danna wani wuri take tartsatsin wuta. Ya miƙa masa da hannu biyu ya ce, "Baffa, ga wadda ta dace da kai. Duk wanda ya tare ka a hanya, kana ɗana masa wannan sai ya zube."

Malamin ya jujjuya ta, ya mayar masa, ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana. Amma kafin in ɗana masa ai sai ya iso inda hannuna zai kai gare shi. In kuwa ya iso nan, to, nasa hannun ma ya kai gare ni, ga shi ya fi ni ƙuruciya. Ni abin da nake nema shi ne in gan shi tun yana nesa."

Wannan amsa ita ce ginshiƙin ra'ayinsa. Kariyar da tocila ke bayarwa ta gani ce, kuma rigakafi ya fi magani. Haƙiƙa, maƙiyin da ya fi yawan cutar da matafiyin dare a karkara ba ya tafiya da ƙafa biyu. Kububuwa da kasa da gamsheƙa da kunama duk sun fi yawo da dare, kuma launin kububuwa ya saje da ƙasa ta yadda ido ba ya rabe su sai da haske. Saran maciji ba ƙaramin abu ba ne. A shekarar 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka shi cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su, a Kaltungo ta jihar Gombe kuwa asibiti guda aka keɓe dominsa. Maganin dafin yana da tsada, kuma ba kowane asibitin karkara ke da shi ba. Kuɗin tocila da batirinta na shekara bai kama ƙafar kuɗin jinya ɗaya ba.

Game da mugun mutum kuma, shi duhu ne jarinsa, yana so ya ga wanda zai cuta ba tare da an gan shi ba. Da zarar haske ya sauka a kansa daga nesa, ya san an gan shi, wataƙila ma an shaida shi, sau da yawa wannan kaɗai kan sa ya canza shawara. Bugu da ƙari, idon ɗan'adam kan ɗauki minti 20 zuwa 30 kafin ya gama sabawa da duhu, don haka in aka dalle shi da haske mai ƙarfi sai ya dushe na ɗan lokaci. Wannan ɗan lokaci na ja da baya ne, da yin kururuwa, da nufar inda jama'a ko 'yan sintiri suke. Wanda ya ɗauke shi lokacin gwada ƙarfi ya yi wauta, musamman in abokin karawar yana riƙe da makami. Akwai ma lokacin da hikima ita ce a kashe tocilar ɗungurungum. Mutumin da ya jiyo motsin mutane da yawa a daji, waɗanda bai yarda da su ba, haskensa shi zai tona inda yake, gara ya kashe ya raɓe.

Wani zai ce ai kowace wayar hannu tana da fitila. Gaskiya ne, amma haskenta bazuwa yake yi, ba ya zuwa nesa. Tana kuma cinye cajin da za a nemi taimako da shi. Ban da haka, a wurare irin su birnin Kano inda aka sha fama da masu ƙwacen waya, ɗaga waya a cikin duhu tamkar talla ce ga ɓarawo.

Daga ƙarshe, riƙon tocila yana da ladabinsa, kuma malamin ya fi tsananta wa ɗalibansa a kan wannan. A al'adar Bahaushe haska fuskar mutum rashin kunya ne, balle a ce babba ne, ko matar aure, ko suruki. Ƙa'ida ita ce a haska ƙasa, a yi sallama. In an amsa, murya ta isa shaida. In an yi shiru, a maimaita, sa'annan a ɗaga hasken zuwa ƙirji da hannuwa, domin a hannu ake riƙe abin cutarwa. Fuska ita ce matakin ƙarshe, kuma sai ga wanda ya ƙi amsa sallama yana ta matsowa. Haka nan ba a haska cikin gidan mutane ta kan katanga ko zana, ba a kuma haska idon mai babur ko direba, domin hakan kan jawo haɗari. Sau da yawa faɗan da ake yi da dare a ƙauye, in aka bi salsalarsa, za a tarar wani yaro ne ya dalle wani da tocila.

A taƙaice, wanda zai zaɓi tocilar yau da kullum sai ya tambayi kansa abubuwa huɗu: shin za ta zauna a aljihunsa, shin zai sami batirinta a inda yake, shin za ta jure faɗuwa da ruwa, shin kuma za ta kama a duk lokacin da ya danna? In ta cika waɗannan, sauran aiki na mai ita ne, ya riƙa gwada ta tun da rana, ya ajiye batir na ko-ta-kwana, domin ba a fafe gora ranar tafiya.