Takobi a Cikin Kube: Turancin Muhawara

Mai karatu, a tarurrukanmu na marubuta na sha ganin gardama a kan littafi guda ta raba abokan shekara ashirin. Abin da yakan raba su kuwa ba saɓanin ra'ayi ba ne, yadda aka furta shi ne. Wannan ya sa nake ganin darajar 'yan kalmomin Turancin nan da malamanmu suka sa mu haddacewa a ƙungiyar muhawara ta sakandare, tamkar karatun allo.

Alal misali, "I beg to differ" neman izinin saɓa wa mutum ne. "I see your point, but" na nufin na fahimce ka, sai dai ga inda muka rabu. Wadda na fi so ita ce "correct me if I am wrong", wato gyara mini in na kauce, domin kuwa mai faɗinta ya bar wa kansa ƙofar fita. Amma a yi hattara da "with due respect", sau da yawa mari ne ke biyo bayanta.

Tsarin muhawarar makarantunmu daga majalisar dokokin Ingila aka kwaikwayo shi. A can wakili ba ya fuskantar abokin hamayyarsa kai tsaye, Kakakin Majalisa yake yi wa magana. Ba ya kuma kiran sunan ɗan'uwansa, sai dai ya ce mai girma wakilin mazaɓa kaza. Kiran wani maƙaryaci kuwa laifi ne. Shi ya sa tun da Winston Churchill ya furta "terminological inexactitude" a 1906, aka mayar da ita mayafin kalmar ƙarya. A 2016 an fitar da Dennis Skinner daga zauren saboda ya ƙi janye laƙabin ɓatanci da ya yi wa Firayim Minista David Cameron.

Mu ma ai ba baƙin wannan tarbiyya ba ne. Ɗalibin da zai ja da malaminsa a zaure, da "Allah Ya gafarta Malam" yake farawa, sannan ya kawo hujjarsa, kuma gobe ya dawo ɗaukar karatu.

Saboda haka, wanda zai koyi waɗannan kalmomi kada ya ɗauke su kwalliyar baki. Kube ne da ke hana takobin hujja yanka zumunci. Harshe da haƙori ma sukan saɓa, amma a baki ɗaya suke kwana. Allah Ya sa mu dace.