Minsharin Baba

Shekara da shekaru muna yi wa Baba dariya saboda minsharinsa. Har na taɓa kwaikwayonsa a wasan Kirsimeti na matasa, aka yi ta tafi. A coci kuwa, kafin Fasto ya kai rabin wa'azi Baba ya soma gyangyaɗi. Muka ce gajiyar gona ce.

Sai ƙafafunsa suka kumbura, takalmin Lahadi ya ƙi shiga. Da dare ba ya iya kwanciya sai ya jingina da matashi uku.

A asibiti likita ya tambayi Mama, "Numfashinsa yakan tsaya in yana barci?" Ta ce, "Kullum, sai na zungure shi." Ya ce duk lokacin da maƙogwaro ya toshe haka, iska takan ragu a jini, jini ya hau, zuciya ta sha wahala. Ga kuma ciwon sukari. Zuciyar ta gaji, ba ta harba jini yadda ya kamata, shi ya sa ruwa ke taruwa a ƙafa da huhu.

Yanzu yana shan magani, Mama ta rage gishiri da dunƙule a miya. 'Yan'uwa, ku sa shi a addu'a. Ni dai in na ji minsharin ya yanke, nakan tashi zaune ina ƙirgawa har ya dawo.