Bagazam: Gilashin Hoton da Ya Dace da Mai Hawan Dutse

Duk Bahaushen da ya ji an ce Bagazam, doki ne ke fara zo masa a rai, irin ingarman nan na Azbin da sarakuna ke alfahari da shi. Alhali kuwa sunan na dutse ne tun kafin ya zama na doki. Bagazam tarin duwatsu ne a kudancin Azbin, cikin jihar Agadas, tafiyar kilometir ɗari da ƴan kai arewa maso gabas da birnin. Samansa shimfiɗaɗɗe ne kamar faifai, tsawonsa wajen kilometir 40, faɗinsa wajen 20, kuma a can ne ƙololuwar Idukal-n-Taghes take, mai tsawon metir 2.022, wadda babu inda ya kai ta bisa a duk faɗin ƙasar Nijar. A kan wannan faifai akwai garuruwan Abzinawa, da rijiyoyi, da garake inda ake noman albasa, tafarnuwa, tumatir da alkama.

Hanyoyin hawa na gargajiya na ƙafa ne da na jakkai. Daga gindin dutsen, ta wajen Tabelot ko Abardak, matafiyi zai bi tsagi mai duwatsu, ya yi sa'o'i yana hawa ɗaruruwan metir, jakkai na gaba da buhuna, shi yana biye yana haki. A nan ne mutum ke sanin nauyin duk abin da ya rataya. Kayan kwana da na abinci jaki ne ke ɗauka, amma kamara ba ta da amfani a bayan jaki, domin kafin a kwance mangala abin da za a ɗauka ya wuce. Dole ta kasance a wuya ko a kafaɗa, tun daga asuba har zuwa zango.

Wannan magana ta shafi ƴan ƙasa fiye da da. Shekaru da dama, baƙi ne ke ɗaukar hotunan Azbin. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya iso Agadas a 1850, da alƙalami ya zana abin da ya gani. Waɗanda suka biyo bayansa suka zo da kamara, suka koma gida da hotunan. Tawayen farko, wanda yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995 ta kawo ƙarshensa, da na biyu na 2007 zuwa 2009, da rashin tsaron da ya biyo baya a Sahel, sun sa ƴan yawon buɗe ido sun ƙaurace. A halin da ake ciki kuma ƙasa tana sakewa: jimina ta ɓace daga dajin Azbin, ragon dutse ya yi ƙaranci, zinariyar da aka gano a Jado a 2014 ta janye samari da yawa daga garake da ayari. In ɗan ƙasa bai ɗauki hoton abin da ya rage ba, jikoki za su ji labari ne kawai, ga shi kuwa an ce gani ya kori ji.

Abin da ke sa nesa ta zo kusa

Wayar hannu ta iya hoton abin da ke gabanta, amma dutse wuri ne na hange. Jan biri a kan tsauni, rema tana shan hantsi a bakin kogo, shaho yana shawagi, ayarin jakkai a ɗaya gefen kwazazzabo, duk waɗannan a waya ɗigo ne kawai. Abin da ke jawo su kusa shi ne gilashin gaban kamara, wanda masu sana'a a Yamai da Maraɗi ke kira objektif, musamman irin wanda ake murɗawa ya ƙara nisa ko ya rage, wato zum.

Lambobin da ke jikin zum, kamar 70-300, milimetir ne, kuma lissafinsu ba shi da wuya. Dabba mai tsayin metir 1 da ke nesa da metir 50, gilashi mai milimetir 50 zai zana ta da tsayin milimetir 1 a kan allon da ke kama haske cikin kamara. Mai milimetir 300 zai zana ta da tsayin milimetir 6. Babban allo, mai girman tsohon fim, tsayinsa milimetir 24 ne, ke nan dabbar ta cika kashi ɗaya cikin huɗu na hoton. Yawancin kamarorin da ke hannun jama'a allonsu ƙarami ne, wanda ake kira APS-C, kuma a kansa dabbar za ta wuce kashi ɗaya cikin uku. Saboda haka ne ake cewa a irin wannan kamara 300 tana aikin 450, ko 480 in Canon ce. Mai ƙaramar kamara ya samu ƙarin nisa ba tare da ƙarin kaya ba.

To, a kasuwa zum mai jawo nesa iri uku ne. Akwai na ƴan jarida da masu hoton biki, 70-200 mai ƙofar haske 2,8, wanda na Canon da na Nikon na tsohon yayi kowanne ya kusa kilo ɗaya da rabi. Akwai na masu bin namun daji, 150-600, wanda ke kai wajen kilo 2. Sannan akwai na matafiya. Cikin waɗannan, Canon 55-250 STM giram 375 ne. Nikon AF-P 70-300 na ƙaramin allo, giram 415. Tamron 70-300 da ya fito a 2020, giram 545. Fujifilm 70-300, giram 580. Sony 70-350, giram 625. Canon RF 100-400, giram 635. Olympus ma yana da ɗan ƙarami, 40-150, mai giram 190, wanda a kamararsa yake aikin 80-300.

Tsakanin kilo ɗaya da rabi da rabin kilo akwai kilo guda cif, kuma kilo guda shi ne nauyin litir ɗaya na ruwa. A ɗakin mai sayarwa wannan ba komai ba ne. A tsakiyar tsagin Bagazam kuwa, rana ta take, rijiya tana gaba da sa'o'i biyu, mai hankali ya san wanda zai zaɓa tsakanin gilashi da gora. Ban da haka, kaya mai nauyi yakan ƙare cikin jaka, jakar kuma ta ƙare a bayan jaki, sai a sauko daga dutse da gilashi mai tsada wanda bai ga komai ba.

Rana, ƙura da rawar hannu

Me mutum ya rasa in ya ɗauki marar nauyi? Haske ne. Gilashi mai ƙofa 2,8 yana shigar da haske ninki huɗu na mai 5,6, kuma wannan faɗin ƙofa ne ke jawo nauyin da tsadar. An ƙera shi ne domin zauren taro, da filin wasa da dare, da ƙasashen da girgije ke rufe sama wata da watanni. Azbin ba ta rasa rana ba. A hantsi mai haske, in an sa ƙofa a 8, aka sa ƙarfin allo a ISO 200, kamara za ta ƙifta cikin kashi ɗaya bisa 800 na daƙiƙa, saurin da ya isa ya tsayar da biri a tsakiyar tsalle. Sai da asuba da almuru, ko cikin inuwar kwazazzabo, ƙaramar ƙofa ke nuna kasawarta, kuma a nan ma kamarorin zamani suna jure a ɗaga ISO zuwa 1.600 ko 3.200 ba tare da hoton ya lalace ba.

Abin da ya fi faɗin ƙofa muhimmanci ga mai hawa shi ne na'urar hana rawar hannu. Gilashi mai jawo nesa, yadda yake ƙara girman abu, haka yake ƙara girman motsi, kuma hannun wanda ya gama hawa yana haki ba ya tsayawa wuri ɗaya. Tsohuwar ƙa'idar masu hoto ta ce a milimetir 300 kada ƙiftawa ta gaza kashi ɗaya bisa 300 na daƙiƙa. Na'urar tana sassauta wannan ƙa'ida ƙwarai. Canon na rubuta ta IS, Nikon VR, Sony OSS, Tamron VC. Mai saye ya duba da kyau, domin Tamron ɗin da aka ambata a sama ba shi da ita, ya dogara ne ga wadda ke cikin kamara, kuma ba kowace kamara ke da ita ba. Ya duba baki kuma: kowane kamfani da irin bakin da gilashinsa ke ɗaurawa, na Canon ba ya shiga Nikon, har ma a gida ɗaya tsohon baki da sabo sun bambanta.

Babban abokin gaba a wannan ƙasa ƙura ce. Zum marar nauyi yana miƙewa yana komawa in an murɗa shi, yana shaƙar iska kamar zugazugin maƙeri, iskar kuma a lokacin hunturu cike take da buji. Maganin abin shi ne a ɗaura gilashi tun a ɗaki, kada a riƙa cire shi a fili. A sa masa marfin gilashi na kariya a gaba, da hular tare rana wadda ke kare shi daga bugun dutse. A rufe kamara da ƙyalle in iska ta taso. Kada a share gilashi da bakin rawani: rairayin da ya maƙale a zare yana karce shi, karcen kuma ba ya gyaruwa. A fara hure ƙurar da ƴar robar hura iska, sannan a shafa da tsumma mai laushi da aka keɓe domin haka. A watannin Disamba da Janairu dare a saman Bagazam yana kusa da daskarar da ruwa, sanyi kuwa yana shanye batir, don haka a kwana da shi cikin aljihu, a kuma zo da na biyu.

Akwai iyakar da kuɗi ba su ƙetare ta. In rana ta yi tsaka, dutse ya yi zafi, iskar da ke kansa tana rawa, kuma duk abin da ke nesa yana narkewa a hoto, ko da gilashin na miliyan nawa ne. Hazon hunturu ma haka yake shafe tsaunuka. Wanda ya sayi 600 yana zaton zai ga abin da mai 300 bai gani ba, sau da yawa rawar iska kawai yake ƙara wa girma. Lokacin aiki shi ne daga fitowar rana zuwa hantsi, da kuma bayan la'asar. A shekara kuma Oktoba da Nuwamba, bayan damina ta wanke sama, kafin hazo ya sauko.

Bayan an sauko

Ba kullum ake hawan dutse ba, gilashin da aka kashe wa kuɗi kuwa bai kamata ya kwana goma sha ɗaya cikin akwati ya fito ɗaya ba. A nan ma marar nauyi ya fi. A Agadas, wadda UNESCO ta sa tsohon garinta cikin kayan tarihin duniya a 2013, hasumiyar babban masallaci mai metir 27 tana cika hoto a milimetir 300 daga soron da ke nesa da metir 225, in an riƙe kamara mai babban allo a tsaye, har a ƙirga itatuwan da ke fitowa daga jikinta. A milimetir 70 zuwa 100 ana samun hoton fuska mai kyau, bayan mutum ya dushe. A filin kokowa, ko wajen sukuwar raƙuma, ko hawan salla a Damagaram, mai 70-300 yana tsaye inda ya samu wuri yana aikinsa. Shi ya sa zum da ya fara daga 55 ko 70 ya fi wanda ya fara daga 150 amfani a rayuwar yau da kullum. Ƙaramin gilashi kuma ba ya tsorata mutane, ba ya jawo idon ɓarawo.

Sai dai akwai ladabi. Gilashi mai jawo nesa yana ba mutum ikon ɗaukar wanda bai san ana ɗaukarsa ba, iko kuwa ba izini ba ne. Matar da ke jan ruwa a rijiyar Bagazam, da dattijon da ya sassauta rawaninsa yana shan shayi, suna da haƙƙin a yi musu sallama a tambaye su. Hangen Dala ba shiga birni ba ne: hoton da aka sata daga nesa bai taɓa kai wanda aka ɗauka bayan gaisuwa da kofi uku na shayi ba. Haka kuma barikin soja, shingen jandarma da filin jirgi ba wuraren gwada zum ba ne. Mai niyyar hawa ya fara sanar da hukuma, ya tambayi halin hanya, ya nemi jagora ɗan wurin.

Ga wanda zai saya, sabo ko na hannu, shawarar a taƙaice take: ya nemi wanda ya kai 250 ko 300, bai wuce giram 650 ba, yana da na'urar hana rawa, bakinsa ya dace da kamararsa. In na hannu ne, ya haska shi da tocila ya duba karce da fumfuna, ya murɗa ya ji ko yashi na ƙara a ciki. Sannan, kafin ya kama hanyar Tabelot, ya rataya shi wuni guda cur yana zagaya gari. In magariba ta yi bai ji marmarin sauke shi ba, ya samu abokin tafiya. Allah ya kai matafiya lafiya, ya maido su da abin nuna wa na gida.