Na ɗaga Hilux ɗin Baba, ta rama

1/ Bara na ɗaga Hilux ɗin Baba inci 3. Na ce masa saboda hanyar gona ne in damina ta faɗi. Gaskiyar magana, so nake ta yi kyau a hoto 😅

2/ Wata biyu, robar shaf ɗin gaba ta yage, giris ya fantsama. Na canza, ta sake yagewa. Wannan karon da buhunan taki a baya, in na karya sitiyari sai ƙas-ƙas-ƙas. Baba kallona kawai ya yi, ya karɓe makulli. Wallahi gara ya yi faɗa.

3/ Bakanike ya ce, "Shigo rami ka gani." Irin tamu, ƙirar 2012, kowace tayar gaba da shaf ɗinta. In ka ɗaga mota, difarenshal ya bi jikinta sama, tayoyi suna ƙasa, shaf ya karkace. Robar ta dinga gogar kanta har ta tsage.

4/ Maganin shi ne a sauko da difarenshal ɗin. Kayan ba yawa: ƙarafa masu kauri da dogayen kusoshi. Muka tallafe shi da jak, muka kwance kusoshin gaba, muka sa ƙarafan a tsakani, muka ɗaure. Farantin da ke kare shi ma sai da aka sauke, kar su goga.

5/ Inci 1 ya sauka. Wato na biya kuɗi na ɗaga, na sake biya na rage.

6/ Wata biyar ke nan roba lafiya. Jiya Baba ya miƙo makulli: "Ka dawo kafin magariba."